Waiwaye: Daga Bakassi zuwa Darak

Da an ambaci rikicin iyakar Najeriya da Kamaru, Bakassi, yankin da ke bakin teku, ce ke fara zuwa a rai. Alhali shari'ar da ƙasashen biyu suka yi a Kotun Duniya ta shafi iyakar ne tun daga Tafkin Chadi har bakin teku.

Tushen maganar takardun Turawa ne. A 1913 Ingila da Jamus suka shata layin da ya bar Bakassi a ɓangaren Kamaru, ba tare da sun tambayi masuntan Efik da ke zaune a wurin ba. A watan Yunin 1975 Janar Gowon da shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo suka sa hannu kan sanarwar Marwa game da iyakar ruwa, ko wata biyu ba a yi ba aka kifar da Gowon. Daga baya Najeriya ta ce majalisar koli ta soja ba ta amince da takardar ba.

Jini ya zuba a 1981, da aka kashe sojojin Najeriya 5. A ƙarshen 1993 dakarun Abacha suka shiga Bakassi, sai Kamaru ta garzaya Kotun Duniya a Maris na 1994. Ana shari'a a Hague, ana musayar wuta a cikin fadamun.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Darak, a yankin Tafkin Chadi. Da tafkin ya riƙa ja da baya, masunta Hausawa da Barebari suka bi ruwa, suka kafa bukkoki da wuraren banda a kan busasshiyar ƙasar da ta bayyana. Naira suke kashewa, Borno suke biya wa haraji. Najeriya ta kafa hujja da wannan, amma a hukuncin 10 ga Oktoban 2002 kotu ta ce tsohon layin da Ingila da Faransa suka shata a tafkin ne ke aiki. A Disamban 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30. Mutum ya kwana a Najeriya ya wayi gari a Kamaru, kwale-kwalensa na ɗaure inda ya bar shi.

Bakassi kuwa sai da Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya a Greentree ta Amurka a Yunin 2006. Sojojin Najeriya suka janye, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agustan 2008 a Kalaba. An ba mazauna zaɓi, ko su zauna ƙarƙashin Kamaru ko su tashi. Da yawa daga waɗanda suka tashi sun ƙare a sansanoni a jihar Kuros Riba, nesa da ruwan da suka gāji kamun kifi a cikinsa.