Kututturen da Bai Mutu Ba: Waiwaye kan Begen Kiristocin Maraɗi

A Hausar yau da kullum, bege ɗan uwan kewa ne. Uwar da ɗanta ya tafi Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, shekara uku babu waya babu saƙo, ita ce ke bege. Sha'irai ma begen Annabi suke yi a lokacin mauludi, kuma duk wanda ya tashi a Maraɗi ya saba jin muryarsu ta lasifika har tsakar dare. A majami'a kalmar ta ɗauki wani aiki, ta zama ta tsakiya cikin ukun nan da kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace: bangaskiya, bege, ƙauna. Akwai fassarar Littafi Mai Tsarki da ta sa "sa zuciya" a gurbinta, amma bakin mutane ya riga ya kama bege. Ni ma ita na fi so, don akwai ɗan raɗaɗi a cikinta. Mai bege ya san abin da yake jira bai iso ba.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ake yawan jin kalmar a wa'azi. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, tiyar hatsi da ta shinkafa suka hau sama suka ƙi saukowa. Ga 'yan bindiga masu satar shanu da mutane a yankin Madarumfa da Gidan Rumji, ga dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka fara kwararowa tun 2019, ga ambaliyar damanar 2024 da ta rushe gidajen laka a unguwanni. Wasu matasan ikkilisiya suna magana kamar yau aka fara shan wuya. Ba laifinsu ba ne, ba a ba su labari ba.

Garin kansa 'yan hijira ne suka kafa shi. Da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a bakin Gulbin Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri nan kusa. A 1945 gulbin ya cika ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, dole aka haura tudu aka sake sabon zama. Saboda haka rasa gida da sake gini tsohon karatu ne ga kowa a nan, Musulmi da Kirista da Arna.

Bishara ta shigo ta hannun ƙungiyar 'yan mishan ta SIM, wadda ta fara zama a Damagaram a 1924, kafin ta buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Turawan mulki na Faransa ba su sake jiki da su ba, ganin Ingilishi suke ji kuma daga ƙasar da Ingila ke mulka suka ƙetaro. Da Hausa suka yi aikinsu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, kuma shi ne allon da masu bi na farko suka koyi karatu a kansa. Waɗannan masu bi ba baƙi ba ne da aka kwaso daga wata ƙasa, 'ya'yan gidajen nan ne, kuma abin da suka biya ba ƙarami ba ne. Wani an hana shi gadon gona, wani an karɓe masa mata, wani an ware masa ƙwaryar shan ruwa a gidan ubansa. "Ɗan mishan" ake ce musu, ba kuma da yabo ba.

Kakata tana cikin 'yan bayansu kaɗan. Littafinta na nan har yanzu, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zaren buhu. Shafukan da suka fi baƙi saboda yawan taɓawa su ne na Zabura da na ƙarshen Habakuk, inda annabin ke cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gona ba ta ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, shi zai yi murna da Ubangiji. Ba ta taɓa yi mana dogon bayani a kai ba. In an kawo mata labarin tashin hankali, sai ta ce, "Jikana, Allah bai yi barci ba. Tashi ka ɗebo ruwa." Ina yaro nakan ji haushin rabin maganar na biyu.

Gaskiya dai, ba duk wahalar daga waje ta zo ba. 'Yan mishan na farko sun fi ba wa'azi da karatun Hausa ƙarfi, suka yi sanyin jiki wajen buɗe makarantun da ake koyar da Faransanci, alhali da Faransanci ake samun aikin gwamnati. Dattawa da yawa sun mutu da wannan a ransu. Inda mishan ta yi abin da ba a mantawa shi ne fannin magani: asibitin Galmi a 1950, sai kuma na kutare a Danja, kudu da gari kan hanyar Ɗan Isa, a shekarun 1950 ɗin. Mutumin da danginsa suka gina wa bukka a bayan gari, ya zo aka wanke masa miki da hannu, ba ya bukatar a fassara masa kalmar bege. Da ƙasa ta samu 'yancin kai a 1960, masu bi suka tsaya da ƙafarsu a ƙarƙashin EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. Shekara talatin ba ta cika sosai ba rigimar shugabanci ta raba ta, aka samu ƙungiyoyi dabam-dabam, gida ɗaya wa na zuwa wannan majami'a ƙane na zuwa waccan. Wannan ma jarrabawa ce, kuma a ganina ta fi ta waje ciwo, don ba ka da wanda za ka nuna da yatsa.

Sai fari. Na 1973 zuwa 1974 ya ƙarar da dabbobi, ya kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani. Na 1984 ya zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, shi ya sa har gobe tsofaffi ke kiran yunwar da sunansa. A nan ne labarin da na fi so ya faru. Wani matashi ɗan Ostareliya mai aiki da SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana dashen itatuwa suna mutuwa. Rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu, gara ta gama da saura. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya kai ga fid da rai, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda yashi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen gona. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tun tuni, saiwarsa na raye a ƙasa, kowace shekara yana tohowa manomi na sassabe shi.

Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a share gona fes, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a bar waɗannan su miƙe. Sassabin zamani manoma suka sa masa suna. Da farko dariya aka yi, don a al'adarmu gona mai itace gonar rago ce. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, mutane suka yi don hatsin, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare itatuwan. Amma wasu sun ga bambanci: iska ba ta binne shuka da yashi, mata sun samu itacen girki kusa, dabbobi sun samu 'ya'yan gawo. Maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma manoma Musulmi ne suka yi mafi yawan aikin. Fastocin karkara sukan ɗauko littafin Ayuba sura 14 a kan wannan, wurin da aka ce itace yana da bege, ko an sare shi zai sake toho da ya ji ƙanshin ruwa. Manomin da ke zaune a benci ba ya bukatar misali, kalgo da sabarar suna gonarsa.

Wuta kuwa ta zo har sau uku a tunanin mutanen zamaninmu. A Nuwamba 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta bazu zuwa Maraɗi, aka auka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka cinna wa majami'ar Vie Abondante wuta. A 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo a Faransa, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. 'Yan sanda sun ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu. Babu Kiristan Nijar da ya zana komai, amma shi ne a kusa. Sai Yuni 2019, da aka kama wani limami a unguwar Zariya ta Maraɗi saboda sukar da ya yi wa daftarin dokar tsara harkokin ibada, cikin dare matasa suka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar da motar fastonta. Da aka sako limamin, ya fito ya nemi afuwa ya kuma kira mabiyansa su kwantar da hankali.

Abin da ya biyo bayan kowace gobara shi ne ya fi jan hankalina. Ba a ɗauki fansa ba. Mai son ya rage darajar hakan zai ce ai ba su da ƙarfin ɗauka ne, tunda Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasa ba a ƙidayar 2012. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai rashin ƙarfi ba ya hana mutum ƙulla gaba a zuci, ko ya tattara ya bar gari, kuma yawancinsu ba su yi ko ɗaya ba. Shugabannin ikkilisiyoyi, har da na Katolika da Bishop Ambroise Ouédraogo ya fara jagoranta tun da aka kafa diyosis ɗin Maraɗi a 2001, sun yi ta maimaita gafara da zama da malamai a teburi ɗaya. A unguwa kuma abin ya fi haka sauƙi. Naman layya na shigowa gidanmu daga gida huɗu, mu ma ranar Kirsimeti ƙannena ba sa zama don kai kwanon shinkafa. Maƙwabcinmu, wani alhaji mai sayar da kayan babur, shi ya turo ɗansa a daren 2019 ya ce wa mahaifina, "Baba ya ce in kun ji motsi ku turo su Inna da yara wajenmu."

Akwai wani sabon wa'azi da ke damuna. Ya shigo ta tauraron ɗan adam da wayar hannu, yana cewa mai bangaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo, wannan shekarar taka ce, ka ba da kaza ka ga buɗi. Yana da daɗin ji ga wanda ya kwana da yunwa. Amma in an auna shi da tarihin nan ba ya tsayawa. Kakata ta mutu ba ta mallaki ko akuya goma ba, kuturun Danja yatsunsa ba su dawo ba, majami'ar da aka ƙone da gudummawar dala-dala aka sake rufa ta. Wanda aka koya wa cewa bege shi ne samu, ranar da aka rufe iyaka kasuwarsa ta tsaya, me zai riƙe? Bulus ya rubuta wa Romawa cewa begen da ake gani ba bege ba ne. Annabi Irmiya kuwa, sojojin Babila na kewaye da Urushalima shi yana tsare, ya auna azurfa ya sayi gona a garinsu Anatot, ya sa aka adana takardar cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe.

An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairu 2024, motoci sun koma bin hanyar Katsina, amma tsada ba ta tafi ba, kuma a ƙauyukan bakin iyaka har yanzu akwai masu kwana da kunne ɗaya a buɗe. Wasu majami'un karkara sun dawo da addu'ar dare zuwa la'asar. Lahadin da ta wuce wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, na'urar kiɗan samari ta yi shiru, fanka ta tsaya. 'Yan zumuntar mata ba su ko waiwaya ba. Wata tsohuwa ta jawo tulun da take bugawa tsakanin gwiwoyinta, na kusa da ita ta ɗauki caki, aka ci gaba daga baitin da aka tsaya. Bayan an tashi, ma'aji ya sanar cewa baikon ranar za a haɗa shi da tiya shida na hatsi a kai wa wasu iyalai biyu da suka gudo daga wajen Madarumfa, aka kuma nemi mai amalanke da zai ɗauka.