Tseren keken da kowa tasa ke fisshe shi: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Agusta, akwai dubban mutane da ke raba dare suna duban taswira a waya, suna bin wasu ƴan ɗigo da ke rarrafe daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kowane ɗigo mutum ne a kan keke, shi kaɗai, da guzurinsa, a cikin Transcontinental Race, tseren keke mai dogon zango da ke ratsa Turai ba tare da taimakon kowa ba. Ina cikin masu wannan kallo, kuma ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Me ya raba wannan tsere da irin su Tour de France?

A Tour de France zango-zango ake yi. A yi gudun awa huɗu ko biyar, a tsayar da agogo, mahaya su wuce otal su tarar da abinci, likita ya duba su, makaniki ya gyara keke. Mota na biye da kowace ƙungiya da kekunan canji. A nan babu ko ɗaya daga ciki. Sau ɗaya ake kunna agogo, ba ya tsayawa sai ka isa. Barcinka, layin da ka bi a shago, facin da ka tsaya yi, duk suna cikin lissafi.

Cikin irin waɗannan tseren, wanda ya fi suna shi ne Transcontinental Race, wanda wani ɗan Ingila, Mike Hall, ya kafa a 2013. Na farko daga Landan aka tashi zuwa Istanbul, kuma Kristof Allegaert na Beljiyam ya cinye shi cikin ƙasa da kwana 8. Yanzu tsawonsa yakan kai kilomita 4,000, kamar mutum ya je Legas daga Kano ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa. A nahiyar Amurka ta Arewa akwai Tour Divide, daga Banff a Kanada zuwa Antelope Wells a iyakar Meziko, kusan kilomita 4,400, yawancinsa hanyar burji a cikin duwatsu, kuma wanda ya zo na ɗaya ba a ba shi ko sisi.

Me ake nufi da cewa babu taimako?

Ƙa'idar ɗaya ce: abin da kowane mahayi zai iya samu da kuɗinsa halal ne, abin da kai kaɗai za a yi wa haramun ne. Kana iya sayen burodi a gidan mai, ka kama ɗaki a otal, ka kai kekenka wurin mai gyara a garin da ka tarar. Amma ƙaninka ba zai tare ka a hanya da taya ba, ba za ka kwana gidan abokinka ba, ba kuma za ka sa na gida su kama maka ɗaki ko su zaɓar maka hanya ta waya ba. Bin bayan wani mahayi ko mota don su kare maka iska shi ma laifi ne, sai ga waɗanda suka yi rajista su biyu tun farko, su kuma lissafinsu daban.

Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki, musamman mu da muka tashi a kan cewa baƙonka annabinka. A ga mutum ya galabaice a bakin titi, a ce kada a taimake shi? Amsar ita ce babu wanda ya hana ceton rai. Mahayin da ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi yana iya karɓar taimako, sai dai ya faɗi gaskiya, ya yarda a ƙara masa lokaci a matsayin hukunci ko a cire sunansa daga jerin masu gasa.

To wa ke sa ido a kan mutum ɗari biyu ko uku da suka watsu a nahiya guda?

Kowane keke na ɗauke da wata ƴar na'ura da ke aika inda yake duk bayan ƴan mintuna, kuma akwai ƴan sa-kai da ke bin sawun kowa, su ga ko ya hau babbar hanyar da aka haramta. Amma na'ura ba ta ganin wanda ya miƙa maka gorar ruwa da ƙarfe ukun dare. Abin da ke riƙe da tseren amana ce. A ganina darajarsa ke nan duka, domin tunda babu kuɗin da za a ci, wanda ya yi maguɗi abin da ya samu kawai suna ne da shi kansa ya san ba nasa ba ne.

Kowa hanya ɗaya yake bi?

A Tour Divide, e. A Transcontinental kuwa zangon dole huɗu ko makamancin haka ake sakawa, galibi a kan tsaunuka, inda za a buga wa mahayi hatimi a katinsa. Tsakaninsu kowa ya zana hanyarsa tun yana gida. Wani ya ɗauki gajeriya mai hawa, wani ya zagaya ta fili. Watannin da aka yi ana nazarin taswira kan yi tasiri kamar ƙarfin ƙafa.

Yaya suke yi da barci da ci?

Na gaba-gaba sukan yi awa uku zuwa huɗu a dare, sau da yawa a cikin jakar barci a rumfar jiran bas ko gefen gona. Abinci kuwa duk abin da hannu ya kai. Wuta daga wani ɗan dainamo a cibiyar tayar gaba take zuwa, ita ke kunna fitila da cajin waya. Jiki yakan yi ƙorafi: gyambon sirdi, yatsun da ke mutuwa saboda matsar jijiya, da wata lalura inda tsokar wuya ke gajiya har mutum ya kasa ɗaga kansa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ba sababbi shawara cewa kada ka yanke hukuncin janyewa da dare, ka bari ka yi barci, ka ci, gari ya waye.

Mata na shiga?

Suna shiga, a layi ɗaya da maza, kuma suna ci. A 2019 Fiona Kolbinger, Bajamushiya mai shekara 24 da ke binciken cutar daji, ta tashi daga Burgas a Bulgeriya ta isa Brest a Faransa cikin kwana 10 da awa 2 da minti 48, ta bar maza fiye da 200 a baya. Kafin ita, a 2016, Lael Wilcox ta cinye Trans Am da ke ratsa Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa cikin kwana 18. A daren ƙarshe wanda ke gabanta, Steffen Streich, ya farka daga barci a ruɗe ya juya kekensa ya nufi inda ya fito, har suka yi kiciɓis, ta wuce shi. Idan tafiya ta yi tsawo haka, haƙuri da tsari da ƙarancin tsayawa sukan rinjayi ƙarfin tsoka.

Ana yin irinsa a Afirka?

Ana yi. Tun 2020 akwai Atlas Mountain Race a Maroko da Race Around Rwanda, kowanne kilomita 1,000 ko fiye.

Wane daɗi ke cikin kallon ɗigo?

Babu kyamara, babu mai sharhi, kai ne za ka karanta labarin da kanka. Ka ga ɗigo ya tsaya minti ashirin a gidan mai, ka san ciki ake cikawa. Ka ga biyu sun rabu a mararraba, ka ɗauko taswirar tsaunuka ka auna wa ya yi dabara. Na gaba ya kwanta, na biyu ya ƙi kwanciya, kai ma barci ya ƙaurace maka. Ni na fi son bin na baya, waɗanda za su yi kwana 15 ko 16, don su ne suka fi kama da mu. Sharaɗin mai kallo ɗaya ne: ya yi addu'a, ya ƙarfafa gwiwa, amma kada ya aika wa mahayi saƙon cewa gadar gaba a rufe take. Taimako ne, kuma yana iya jawo masa hukunci.

Idan ɗigo ya tsaya ya ƙi motsi fa?

Yawanci barci ne, ko batir ya mutu, ko na'urar ta kasa samun sama a cikin kwazazzabo. Amma ba kullum ba. Waɗannan mutane a kan titin kowa da kowa suke, tare da manyan motoci, cikin dare da gajiya. Ranar 31 ga Maris 2017, ana tsakiyar Indian Pacific Wheel Race mai kilomita 5,500 a Ostareliya, ɗigon Mike Hall ya tsaya kusa da Canberra da asuba. Yana na biyu a lokacin, bayan Allegaert. Mota ce ta buge shi, ya rasu, aka soke tseren. A watan Yulin shekarar, Frank Simons na Holan shi ma ya rasu a haɗarin mota ƴan awoyi bayan fara Transcontinental. Tun daga nan aka ƙara tsananta batun fitila da riga mai ƙyalli da hanyoyin da aka hana bi, kuma har yau ana muhawara a kan ko ya kamata a tilasta wa mahaya hutu. Makusantan Hall ne suka ci gaba da shirya tseren da ya kafa, ƙarƙashin wani kamfani da suka raɗa wa suna Lost Dot, wato ɗigon da ya ɓace.