Injin Tsohuwar Mota Ya Yi Zafi? Kada Ka Sheƙa Masa Ruwan Sanyi

Direbobi da yawa sun ɗauka cewa da zarar allurar zafi ta hau ja, maganin shi ne a buɗe lagireto a ɗura ruwan sanyi. Wannan ɗabi'a ta kashe injuna masu yawa.

Murfin lagireto yana riƙe matsi, shi ya sa ruwan ke wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana murɗe shi matsin zai kuɓuce, ruwan ya tafasa nan take ya watso maka a fuska. Ƙarfen kan inji kuwa, musamman na zubi irin na tsofaffin motoci, idan sanyi ya buge shi yana tsananin zafi, yakan tsage ko ya lanƙwashe, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone.

Ka faka, ka kashe inji, ka ɗaga bonet, ka jira aƙalla minti 30, har tiyon saman lagireto ya huce ya taɓu. Ka dafe murfin da tsumma, ka sassauta shi kaɗan tururi ya fice. Sannan ka tada inji, ka zuba ruwan sannu a hankali.

Kafin ka tashi, danna fanbel da yatsa: kada ya lotsa fiye da santimita 1 da rabi. Idan baƙin mai ya koma kamar madara, ruwa ya shiga inji, janwe za ka nema.