Prelebma: mi kalmar ga ke nuhi, kuma don mi labo ke maido ma mutane hitsarinsu

Shekaranjiya da sahe wata tsohuwa ta shigo labo ɗinmu, daga wani ƙauye can wajen Bambey ta taso tun asuba, ta kwance bakin zane ta hiddo ƴar robar lemu ta aje min bisa tebur. Na ce Inna wanga hwa? Ta ce hitsarin da lokotoro ya ce in kawo ne ɗana, tun jiya da la'asar na tara shi don kar in makara. Wallahi sai da na ji nauyin hwaɗa mata ba za shi yi ba, don na san kuɗin mota ta biya. Na ɗauko pot sabo na ba ta, na kira abokiyar aikina ta ja ta gehe ta yi mata bayani. Suna hita ina jin ta tana ce ma jikarta wai mutanen labo wulaƙanci gare su, hitsari ai hitsari ne.

In ka shiga babbar likita ta nan Tawa, ko ka je Yamai, Lamorde ko Opital Nasiyonal, za ka ga ƙohwa an rubuta "Salle de prélèvement". Mu ma'aikata muna cewa prelebma, mutanen gari su ce wurin ɗibar jini. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta ka ɗebi kaɗan daga cikin abu mai yawa don a gane sauran. Kamar mai sayen hatsi ne ran Lahadi a kasuwa, ya tsoma hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba, in daga sama kaɗai ya ɗiba inda mai buhun ya zuba mai kyau to an cuce shi ko da idonshi lahiya lau. Prelebma ba ita ce awon ba. Awon shi ne analiz. Prelebma ɗibar ce, kuma ba ta jini kaɗai ba, hitsari, bayan gida, kakin mai tari, ruwan baya da ake ja lokacin sanƙarau, duk sunansu ke nan. Mashin kuwa ba shi da wayo, abin da anka ba shi shi yake karantawa, in ka ba shi hitsarin da ya kwana cikin robar lemu zai hiddo ma rezilta tsab da lambobi da komi, amma na robar ne ba na mai ciwon ba.

Mu hwara da jini. Kalmar da ta hi wahal da mu ita ce "à jeun" da ake rubutawa bisa takardar awo, muna cewa ajen. Mutane suna hwasara ta da azumi, kuma nan ne matsalar take. Mai azumi shina yin sahur amma ba shi shan ruwa. Mai ajen babu sahur amma shina iya shan ruwa, ruwa zalla, har ma mun hi so ya sha don jijiya ta hito. Awon sukari, gilisemi, shina son awa 8 a ƙalla ba ka ci komi ba, na kitsen jini awa 12. Wato ka ci tuwon dare, ka kwanta, ƙarhe 7 ko 8 kana labo. Sai in tambayi dattijo, Baba ka ci wani abu? Ya ce ko kaɗan. Shayi hwa? Ah, shayi kam na sha na hwari da na biyu wurin abokai. Wani ya ce hura ce kawai ludayi ukku, hura ai ba abinci ba ce. Goro ma a bar shi sai an gama. Dubi lissahin: sukarin mai lahiya da ajen shina tsakanin 0,70 da 1,10 g/l, daga 1,26 in an maimaita an sake samun haka ake maganar diyabet. Tazarar ba ta da yawa, kohin shayinmu guda da sukarin da muke zuba mai ya isa ya tsallakar da mutum. Wanda ke shan maganin sukari ko shina yin allurar insilin shi kam ya tambayi lokotoro ƙaƙa zai yi da maganin sahe, kar ya yanke ma kanshi.

Amma ba kowane awo ke son ajen ba. Gut epes da TDR na masassara, rukunin jini, awon amosanin jini, awon sida, duk ba ruwansu da ciki. Na sha ganin uwa ta hana yaro mai zazzaɓi nono tun dare wai za a yi mai awo. Don Allah a bari.

Yanzu ga ka zamne bisa kujera. Abu na hwarko da ya kamata ka ji shi ne an tambaye ka sunanka, kai ka hwaɗa da bakinka, da sunan uba da shekaru, don a Tawa Abdu nawa ne, Hadiza nawa ce? A rubuta bisa tub, ƴar kwalbar da ake zuba jinin, a gabanka ba bayan ka tahi ba. Mai ɗibar ya wanke hannu ya sa gan, wato sahwar hannu ta roba, ya buɗe allura sabuwa kana kallo, kuma kana da ikon cewa Malam ban ga ka buɗe ta ba, ba rashin kunya ba ne, epatit B da sida ta allura suna bi. Sai garo, robar nan da ake ɗaurawa sama da gwiwar hannu don jijiya ta kumbura. Bai kamata ta wuce minti guda ba. In ta daɗe jinin wurin shina yin kauri, kuma wanga dunƙule hannu buɗe hannu da ake sa mutane suna ta yi shina ɗaga potasiyom, wani gishiri da ake aunawa cikin jini, a ga lamba ta hau a tsorata a banza. A goge hwata da alkol a bari ta bushe kamar sakan 30, ba a hura mata iska da baki, ba a sake taɓa wurin da yatsa. Mai ƙarin ruwa ba a ɗiba a hannun da serom ke shiga, in an yi haka sukarin cikin serom ɗin za a auna. Bayan an zare allura ka danne abduga minti 2 ko 3 hannu a miƙe. Lanƙwashe hannun da kowa ke yi shi ke kawo kumburin nan mai baƙi.

Tub ɗin da kuke gani kala kala ba ado ba ne. Mai murhi biyole akwai wani magani ciki, EDTA, mai hana jini daskarewa, shi ake ma NFS wato ƙidayar ƙwayoyin jini. Mai ja babu mai hana daskarewa, jinin ya daskare a ɗebi ruwan sama a auna irin su kireyatinin ta ƙoda. Mai bula na awon daskarewar jini ne kahin operasiyo, shi dole a cika shi daidai layi don kashi 9 jini kashi 1 magani ne. Akwai tsanwa, akwai mai ruwan toka na sukari, wanda maganin cikinshi ke hana ƙwayoyin jini cinye sukarin, don jini ko cikin tub shina da rai, in anka bar shi a tub na banza sukarin shina raguwa kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa, balle da zahin Afrilu. Har jerin cikawa akwai, bula, ja, tsanwa, biyole, ruwan toka, don kar maganin wani ya shiga wani. Kuma ba a girgiza tub kamar mai kaɗa nono, juya shi ake a hankali sau 5 zuwa 10, in anka girgiza jajayen ƙwayoyin su hwashe sai a sake kiran mutum a sake soke shi. Wanga laihinmu ne mu ma'aikata in ya hwaru, ba na mai ciwo ba, kuma shina hwaruwa, musamman ran Litinin da layi ya kai bakin ƙohwa.

Ga masu cewa an kwashe musu jini har sai sun sha malta da madara. Tub guda mililita 4 zuwa 5 ne, cokalin shayi guda ke nan. Babban mutum shina ɗauke da wajen lita 5. Wanda ya je CNTS, cibiyar tara jini ta ƙasa, a Yamai ya ba da jini kyauta mililita 450 ake ɗiba, kusan leda guda ta piya wata, tub wajen 100, ya tashi ya hau moto ya koma aiki. Jirin da wasu ke ji tsoron allura ne da yunwa, in ka san kana yi ka hwaɗa a kwantar da kai. Na ga ƙato mai kokowa ya zube a gaban allura, yarinya ƴar shekara 6 na kallonshi.

Hitsari kuwa shi ya hi wuya, don jini mu ke ɗiba, hitsari kai ke ɗibar abinka cikin makewayi ba mai ganinka, ga kunya ta hana tambaya. Awon da ake ce ma ECBU shuka ce ake yi. Ana zuba ɗigon hitsarin bisa wani hwaranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a sa shi wuri mai ɗumin jiki, a ga mi zai tsiro, sannan a gwada wane antibiyotik ke kashe shi, shi ya sa ake ce maka dawo bayan kwana 2 ko 3. To duk abin da ya shiga pot ɗin tsirowa zai yi, na yatsanka, na hwata, na robar lemu. Ƙwayar da ta hi kawo ciwon mara, E. coli, in ta samu ɗumi tana iya ninka kanta cikin minti 20. Ka lissahwa hitsarin Inna daga la'asar zuwa hantsi.

Yadda ake yi, ka amshi pot rufaffe daga labo ko parmasi, kar ka wanke shi kar ka buɗe shi sai lokacin. Na hwarkon sahiya ya hi, in bai samu ba a ƙalla ka yi awa 3 ko 4 ba ka zaga ba. Ka wanke hannu da sabuni, ka yi tsarki da sabuni ka ɗauraye sosai, mace daga gaba zuwa baya ba ta dawo ba. Ka hwara hitsarin a ƙasa, na hwarkon ya tahi don shi ke wanke hanya, sai ka tara na tsakiya ba tare da ka tsaya ba, mililita 20 zuwa 30 ya isa, ba a ce ka cika ba, sauran ya bi ƙasa. Kar bakin pot ya taɓa jiki, kar yatsa ya shiga cikin murhi. Ka ruhe da kyau, cikin awa 2 shina labo. In ba hali a sa firigo, ba wurin ƙanƙara ba, kuma kar ya wuce awa 24, amma da yadda kuran ke yi muna ni na hi son mutum ya zo ya yi shi nan. Mace mai haila ta hwaɗa, ko a jira ta gama in ba gaugawa. Sai babbar magana, a yi shi kahin a hwara antibiyotik. Rabin masu zuwa muna sun riga sun sha amoksi ko sipro na mai talla kwana ukku, shuka ta ƙi tsirowa, takarda ta ce babu komi alhali mutum shina ji kamar barkono in zai yi hitsari. In ka sha ka hwaɗa, ba wanda zai kama ka.

Jariri ana liƙa mai wata ƴar leda bayan an wanke shi, in minti 30 ta wuce bai yi ba a sake sabuwa. Matsar zanen goyo cikin pot ba prelebma ba ce. Masu awon ciki su nasu mai sauƙi ne, ƴar takarda ake tsomawa a duba albimin da sukari, amma ko shi pot mai tsabta ake so. Akwai kuma na awa 24, wanda za ka zubar da na hwarkon sahiyar yau, ka tara duk wanda ya biyo cikin bido guda har da na hwarkon sahiyar gobe, in ka manta guda a masallaci ko gona sai a sake daga hwarko.

Tsargiya kuwa tana juya dokar nan duka. Yaran da ke wanka a tabkin Tabalak, ko hwadamun Konni, ko gonakin shinkahwa na bakin gulbi a Yamai wajen Saga, in anka ga jini a ƙarshen hitsarinsu ba na sahe ake so ba kuma ba na tsakiya ba. Tsakanin ƙarhe 10 na hantsi da 2 na rana ƙwan tsutsar da ke kawo ta ya hi hitowa, kuma ɗigon ƙarshe ake nema, har mukan ce ma yaro ya ɗan zagaya hili da gudu tukuna. Wani uba da na ce ma ɗanshi haka ya dube ni ya ce Malam, awo munka zo ko lekol?