Waiwaye: Yadda Aka Juya Wa Halojin Baya Wajen Kare Roba Daga Gobara

Yawancin roba daga man fetur aka samo ta, shi ya sa da ta kama wuta sai ta narke, ta ɗiga, ta turnuƙe wuri da baƙin hayaƙi. Ga shi kuwa ita ce rigar wayar lantarki, ita ce jikin talabijin, ita ce soson kujera. Dole ta sa masana'antu ke cuɗa mata sinadaran da ke rage mata saurin kamawa. Yau kuma ana buga wa kaya da dama tambarin cewa babu halojin a cikinsu, wato babu kulorin, babu buromin. Kafin a kai ga wannan tambari an sha wuya.

Dabarar ta girmi robar kanta. A 1735 wani Bature ɗan Ingila, Obadiah Wyld, ya yi rajistar wani haɗi mai alif da boraks don kare takarda da yadi. A wajajen 1820 masanin Faransa Gay-Lussac ya gano cewa gishirin amoniyam fosfet na hana labulen gidajen wasan kwaikwayo ci da wuta. A riƙe sunan wannan gishiri, za mu sake haɗuwa da shi.

Da roba ta mamaye duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai sinadaran kulorin da buromin suka ƙwace kasuwa, kuma ba a banza ba. Cikin harshen wutar suke aiki: zafi na taɓa su sai su saki iskar da ke cafke ƙwayoyin da ke rura wutar. Ɗan kaɗan ya isa, ga arha, ba sa kuma ɓata ƙarfin robar. A 1975 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa ƙa'idar TB 117, wadda ta ce sai soson kujera ya jure wa ƙaramin harshen wuta na daƙiƙa 12. Masu yin kujeru suka rungumi buromin hannu bibbiyu.

Tun kafin nan alamu sun fara bayyana. A 1973, a jihar Mishigan, an yi kuskuren zuba PBB, wani sinadarin hana gobara mai buromin, cikin abincin dabbobi. Sai da aka hallaka shanu kusan 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi, bayan mutane sun riga sun sha madarar, sun ci naman. A 1977 Arlene Blum da Bruce Ames suka nuna cewa sinadarin Tris mai buromin da ake sa wa kayan barcin yara don hana su kama wuta na iya jirkita ƙwayoyin halitta, hukuma ta haramta shi a shekarar. Abin da ya fi girgiza Turai shi ne binciken Suwidin na 1998: yawan PBDE, sinadarin buromin da ake zuba wa soson kujera da kayan lantarki, a nonon uwa na ninkawa kusan duk shekara biyar tun daga 1972. Ashe sinadarin ba ya zama cikin kujera. Yana fita ya bi ƙurar ɗaki, ya taru a kitsen jiki, ba ya kuma ruɓewa.

Ga kuma batun hayaƙi, wanda shi ya fi kashe mutane a gobara. Roba mai kulorin idan ta ƙone tana fitar da iska mai asid da ke ƙona huhu, tana cinye na'urori. A gobarar filin jirgin saman Dusildof na Jamus a 1996, inda mutum 17 suka mutu, hayaƙi mai guba ne ya yi ɓarnar. Saboda irin wannan ne ake son waya mai ƙarancin hayaƙi marar halojin a jiragen ruwa da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa.

Doka ta biyo baya a hankali. Tarayyar Turai ta hana nau'i biyu na PBDE a 2004, dokar RoHS, wadda ta taƙaita sinadarai masu haɗari a kayan lantarki, ta fara aiki a 2006, Yarjejeniyar Sitokholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa ta sa nau'o'in biyu cikin jerin haramtattu a 2009, ta ƙara wasu masu buromin, HBCD a 2013 da deka-BDE a 2017. Daga Maris 2021 kuma Turai ta hana duk irin waɗannan sinadarai a jikin talabijin da allon kwamfuta.

To da me aka maye gurbinsu? Abin dariya, kusan gida aka koma. Wanda aka fi amfani da shi shi ne aluminiyam haidroksaid, farin gari ɗan uwan alif. Da zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salsiyas sai ya saki ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ya sanyaya robar. Magniziyam haidroksaid na jurewa har ya haura digiri 300, don haka ya dace da robar da ake narkawa da zafi mai yawa. Sai dangin fosfaras da naitrojin, cikinsu har da jikan gishirin Gay-Lussac, amoniyam folifosfet. Shi idan aka haɗa shi da melamin da wani sinadari mai ba da gawayi, wuta na taɓa shi sai ya kumbura ya yi ɓawo mai kauri, ya shiga tsakanin wuta da roba.

Sai dai ba a cin zuma sai an sha harbi. Kafin farin garin nan ya yi aiki, sau da yawa sai ya kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin robar, ita kuwa ta yi nauyi, ta rasa laushi. A ganina kuma ana ɗora wa tambarin nan na babu halojin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ƙa'idar IEC 61249-2-21, wadda masu kayan lantarki ke bi wajen buga tambarin, cewa kawai ta yi kada kulorin ko buromin ya wuce kashi 900 cikin miliyan, jimillarsu kada ta wuce 1,500. Ba ta ce uffan ba game da lafiyar abin da aka zuba a madadinsu. Tuni Hukumar Sinadarai ta Turai ta sa melamin cikin jerin abubuwan damuwa sosai a 2023, ta ƙara tirayifenil fosfet a 2024, alhali duka biyun babu halojin a cikinsu.

Kalifoniya, wadda ta buɗe ƙofar tun farko, wata hanya ta bi. A 2013 ta sauya ƙa'idarta, ta bar gwajin harshen wuta a kan soso ta koma gwada yadin da ke rufe kujerar da taba sigari mai ci a hankali. Yadi mai kyau kaɗai na iya cin wannan gwaji ba tare da an zuba wa soson komai ba.