Masanin Ɗakin Gwaji a Masana'antar Magunguna: Aikin da Matasa Ya Kamata Su Sani

Ɗalibai da dama da suka karanta ilimin sinadarai, ko na ƙwayoyin cuta, ko na haɗa magunguna, suna ɗauka cewa makomarsu ba ta wuce koyarwa ko aikin asibiti ba, alhali kuwa kowace masana'antar magunguna tana da ɗakin gwaji, kuma ba a sakin magani kasuwa sai sakamakonsa ya fito.

Idan durom ɗin sinadari ya iso masana'anta, ba a wucewa da shi wurin haɗi. Ana killace shi, a manna masa takardar dakatarwa, har sai masanin ya ɗebi samfuri ya tabbatar cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a jiki, domin takardar shaidar mai sayarwa ita kaɗai ba ta wadatarwa. Gilisarin da ake zubawa a maganin tari na ruwa, alal misali, yana kama da wata guba mai suna diethylene glycol: dukansu ba su da launi, suna da kauri da zaƙi, ido ba ya raba su sai na'ura. Wannan guba ce ta hallaka mutane sama da 100 a Amurka a 1937, abin da ya haifar da dokar magunguna ta 1938. Ita ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kanta a watan Oktoban 2022, bayan yara fiye da 60 sun rasu a Gambiya sakamakon lalacewar ƙoda da aka danganta da magungunan tari masu ɗauke da ita. A matsayina na ma'aikacin lafiya, wannan ne ya sa nake ganin aikin daidai yake da jinya wajen ceton rai.

Bayan an haɗa magani, masanin yana auna yawan sinadarin da ke warkarwa da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin magani ta auna yawan kowanne, ya jefa ƙwayar maganin cikin ruwa mai ɗumin digiri 37, irin na jikin mutum, ya ga yadda take narkewa. Yana kuma ajiye samfura wata 6 a zafin digiri 40 da danshi kashi 75 cikin 100, domin a ga ko maganin zai jure ajiya.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne ranar da sakamako ya saɓa wa ƙa'ida, ga motoci na jiran lodi. Ba a yarda a yi ta maimaita gwaji har sai an sami lambar da ake so ba. Ana rubuta abin da aka gani nan take, a sa hannu, a buɗe bincike. Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar wannan hanya ya nemi horon sanin makamar aiki a ɗakin gwaji tun yana makaranta, ya ƙware a awo da lissafi, ya kuma saba da rubuta sakamako yadda ya fito ko da bai yi masa daɗi ba.