Toyota GR Yaris

Toyota GR Yaris ƙaramar motar gudu ce da kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙerawa a shekarar 2020. Tana cikin jinsin gajerun motocin nan da murfin bayansu ke ɗagawa sama haɗe da gilashi, irin su Golf da Starlet. Ƙofofin shiga biyu gare ta, injinta mai silinda uku ne da turbo, kuma duk tayoyinta huɗu suna ja. Haruffan GR na nufin Gazoo Racing, sashen Toyota mai kula da harkar tsere. Galibin motocin gudu na wannan jinsi, motar zuwa kasuwa ake ɗaukowa a ƙara mata ƙarfi. Ita kuwa daga buƙatun tseren rali aka faro ta, daga baya aka nema mata hanyar zama a titi, kuma kusan duk halayenta, masu daɗi da marasa daɗi, daga nan suka samo asali.

Asali

Rali tsere ne da ake yi a kan hanyoyin da aka rufe, na kwalta ko na burji ko masu dusar ƙanƙara. Motoci kan tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na kokawa da agogo, ga mataimaki a gefen direba yana karanto masa kwanonin da ke gaba. Toyota ta koma gasar rali ta duniya, wato WRC, a 2017 bayan dogon hutu, a ƙarƙashin jagorancin Tommi Mäkinen, ɗan ƙasar Finland da ya ci kambun duniya sau huɗu.

A wancan lokaci dokar FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, ta ce dole motar tsere ta samo jikinta daga motar da ake sayar wa jama'a, wadda aka ƙera guda 25,000 cikin wata goma sha biyu. Sabuwar Yaris ta 2020 mai ƙofofin shiga huɗu ce, rufinta dogo, kuma wannan siffa tana hana iska isa ga fiffiken baya na motar tsere yadda ake so. Maimakon mutanen Mäkinen su haƙura da abin da suka samu, sai kamfanin ya yarda ya ƙera musu sabon jiki. Shugaban Toyota na lokacin, Akio Toyoda, wanda kan shiga tsere da laƙabin Morizo, ya tsaya wa aikin, har ya riƙa gwada motar da kansa. Naohiko Saito ne babban injiniyan aikin.

An nuna ta a bikin baje kolin motoci na Tokyo Auto Salon a watan Janairun 2020, aka kuma fara ƙera ta a masana'antar Motomachi da ke lardin Aichi, a wani sashe na musamman inda aikin hannu ya fi na sauran layuka yawa. Ita ce motar gudu mai jan taya huɗu ta farko da Toyota ta fitar tun bayan Celica GT-Four, wadda aka daina a 1999.

Motar tseren da aka yi duk wannan wahala dominta ba ta taɓa shiga gasa ba. An shirya fito da ita a 2021, sai annobar korona ta sa aka soke shirin, sannan a 2022 dokokin gasar suka canza gaba ɗaya.

Ƙira

Daga waje, abin da ta haɗa da Yaris ta gama-gari bai wuce fitilun gaba da na baya da madubin gefe da eriya ba. Tsawonta bai kai mita huɗu cif ba, amma an faɗaɗa ƙugunta sosai, rufin kuma ya gangaro ta baya da kusan santimita 9. Wanda ya gan ta daga baya zai ga kamar ta tsuguna tana shirin zabura.

An yi rufin da wani haɗin zaren kabon mara nauyi, bonet da ƙofofi da murfin baya kuma da alminiyom. Dalili shi ne a rage nauyin da ke sama, don mota mai nauyi a ka ita ce ke karkata a kwana. An ja injin baya kaɗan, an mayar da batir cikin but domin nauyin gaba da na baya su daidaita. Gaban shasinta na Yaris ne, bayan kuwa an aro shi daga tsarin da Corolla ke kai, wanda ya ba da damar kowace tayar baya ta yi motsinta ita kaɗai. Duka-duka nauyinta kilo 1,280 ne.

Inji da rabon ƙarfi

Injin, mai suna G16E-GTS, lita 1.6 ne. A Turai ya fito da ƙarfin doki 261, a Japan 272, adadi mai yawa ga silinda uku kacal. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa samfurin farko na ɗaukar daƙiƙa 5.5, kuma an taƙaita iyakar gudunta a kilomita 230. Da farko giyar hannu mai hawa shida kaɗai ake samu. Faifan birkin gaba milimita 356 ne, girman da aka saba gani a motocin da suka ninka ta tsada.

Tsarin jan taya huɗu, GR-Four, shi ne zuciyar motar. Akwai wani kulochi mai faranti da yawa dab da aksul na baya, wanda na'ura ke matsewa ko sassautawa. An kuma sa giyar aksul na baya ta ɗan bambanta da ta gaba, ta yadda idan kulochin ya kama, ƙarfin da ke tafiya baya zai iya zarce na gaba. A samfurin farko, direba na zaɓa da ɗan maɓallin murɗawa: kashi 60 gaba da 40 baya don tafiyar yau da kullum, 30 da 70 idan ana son bayan motar ya yi wasa, ko raba daidai don filin tsere. A samfurin da ake kira Circuit Pack a Turai, an ƙara na'urar Torsen gaba da baya, wadda ke hana tayar da ta rasa kamu yin ta juyi a banza, ta tura ƙarfin ga 'yar'uwarta da ke kame da ƙasa.

Yadda take a hannu

A cikin gari ba ta da wani abin mamaki. Shokozobanta na da tauri, ƙarar taya na shigowa, injin kuma yana ɗan gurnani irin na silinda uku. Sai an taka totur, allurar juyin inji ta haura wajen 3,000 a minti, turbo ya cika, sannan take nuna halinta: ta ɗauka da ƙarfi, ba ta sassautawa har kusan 7,000. Sandar giyar gajera ce, tana kusa da sitiyari, tana shiga da ɗan nauyi mai daɗi a tafin hannu.

Inda ta yi suna shi ne ƙananan hanyoyi masu kwana da gargada, musamman bayan ruwan sama. Taurin da ke damun mutum a gudun 40 yakan lafa idan gudu ya ƙaru, motar ta riƙa bin tudu da kwari ba tare da ta yi tsalle ba. Mota mai jan gaba kaɗai, idan aka ba ta wuta a tsakiyar kwana, sai hancinta ya nufi waje. Wannan kuwa ana iya taka mata totur tun kafin kwanar ta ƙare, a ji bayan ya turo, gaban ya ja, ta fice kamar an harba ta da gwafa. Gajartar tazarar tayoyinta, mita 2.56, ita ke sa ta saurin juyawa. Sitiyarin yana zuwa inda aka nufa daidai, ko da yake bai cika gaya wa hannu abin da taya ke ji ba. Akwai kuma wata dabara da aka gado kai tsaye daga rali: idan aka ja birkin hannu tana tafe, na'ura na yanke ƙarfin da ke zuwa baya nan take, don bayan motar ya zame a kwana mai tsanani.

Tana da aibobinta. A samfurin farko kujerar direba ta yi tudu, madubin tsakiya da allon gaba kuma sun matse wurin hangen hanya, kuma wannan babban aibi ne ga motar da aka yi don shan kwana. Kujerun baya na yara ne, but ɗin lita 174 ne kawai. Wani ɓangare na ƙarar injin da ake ji a ciki ma ta lasifika yake fitowa, abin da inji mai wannan hali bai buƙata ba.

Gyaran 2024

Toyota ta saurari koke-koken. A 2024 aka sauke kujera da milimita 25, aka rage tsayin allon gaba da milimita 50, aka karkato shi wajen direba. Ƙarfin injin ya koma doki 280 a Turai, 304 a Japan, aka kuma ƙaro giyar otomatik mai hawa takwas ga mai so. Ba a sayar da GR Yaris a Amurka. A can GR Corolla ce ke ɗauke da wannan inji da tsarin GR-Four.

A fagen gasa

Motar GR Yaris Rally1 da ta shiga gasa a 2022 kamannin ta titi kawai ta ɗauka, domin a ƙarƙashinta ƙarafan bututu ne aka harhaɗa. Da ita Kalle Rovanperä ya ci kambun duniya a 2022 yana ɗan shekara 22, zakara mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar, ya sake ci a 2023. A tseren Safari na Kenya, a yankin Naivasha mai duwatsu da lallausar ƙura mai haɗiye taya, motocin Toyota sun kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a 2022 da 2023. Wadda ta fi kusa da ta titi ita ce GR Yaris Rally2, da FIA ta amince ta shiga gasa a farkon 2024: jikinta da tushen injinta mai silinda uku daga motar kasuwar aka ɗauko su, ana kuma sayar da ita ga ƙungiyoyin tsere masu zaman kansu.